Bishiyar da aka sare saboda parabol

A gidanmu na unguwar Gardolé, da an idar da magariba sai mu taru a gindin darbejiya, inda Kaka Abu take zama kusa da murhun gawayi. Marigayi mijinta ne ya dasa bishiyar. Iyayenta sun baro ƙasar Katsina da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a garin nan, aka haife ta, ta tsufa ba ta ƙarasa tafiyar ba.

Ina 'yar shekara tara Kawu Isa, autanta, ya sayo parabol, farantin kamo tashoshi, a kasuwar Grand Marché don ta riƙa ganin Ka'aba a tele. Kafa irinsa sana'arsa ce. Ya hau kwano, ya kafe ƙarfen, ya ja waya, yana juya farantin kaɗan-kaɗan, Innata tana ɗaki tana ce masa, "Ya zo. A'a, ya tafi." Kwana biyu ana haka, hoto sai yashi. Da ya sauko, ya durƙusa gabanta.

"Iya, darbejiyar ce ta tare. Ko'ina na kafa, rassanta na gaba."

Da yamma ta yi mana tatsuniya.

"Ku matso, ga ta nan ta iso. Wata mata ce ta ji labarin rijiya a gabas, wadda duk wanda ya sha ba ya sake jin ƙishi." Matar ta kama hanya. A kogin farko mai kwalekwale ya karɓe akuyarta, a na biyu ya karɓe mayafinta. A na uku ya ce sai dai idanunta, ta cire ta ba shi. Ta yi ta lalube har ta gaji, ta jingina da wani gini, ashe bakin rijiyar ne. Nan ta zauna tana tambayar masu ɗiban ruwa ko da sauran tafiya.

Na ce, "Kaka, me ya hana su gaya mata?"

"Sun ɗauka tana gani. Ƙurunƙus."

Da safe ta ce a sare bishiyar. Kafin azahar tsakar gidan ya zama fili, rana ta ko'ina. Kawu ya sake hawa, ya ɗan taɓa farantin, sinyal ya kama, ya ɗaure kusoshi. Ga Ka'aba tar, mutane na zagayawa. Aka zaunar da Kaka a gaban tele. Ta daɗe tana fuskantarta, sannan ta kama hannuna.

"Ladi, ya zo ne?"

Ashe yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, ta ɓoye, don ta san gidan da ƙafa, mu kuma ta san mu da murya. Kawu ya fita. Na ce, "Ya zo, Kaka." Ta ce, "To, kalas, shi ke nan. Faɗa mini abin da kike gani."

Bazarar shekarar ta yi ta a ɗaki, don babu inuwa a waje. Ba ta kai damina ba.

Na daɗe ina jin haushin Kawu. Sai da na girma na gane cewa a bainar jama'a ta faɗa mana halin da take ciki ta cikin tatsuniyar nan, da manya da yara muna zaune. Ta san ba za ta gani ba, amma ba ta iya ce wa ɗanta wahalarsa ta tashi a banza ba. Mu kuma hoton muke ɗoki, babu wanda ya tsaya ya dubi idonta.