Faifan Korar Tattabaru

Lasifika ake ce masa tun yana saurayi, kuma ba a zalunce shi da sunan ba. Aikinsa kiran fasinja a tashar mota. Idan ya daki jikin bas da tafin hannu ya ce "Saura mutum ɗaya!", mai shayin da ke can ƙarshen tasha sai ya dafe kofunansa. Ƙarya kuwa yake shararawa, motar ko rabi ba ta yi ba. A gida ma bai iya raɗa ba. Matarsa takan ce duk sirrin da suka taɓa yi a ɗaki, maƙwabta sun riga ta ji.

Furfura ta fara fito masa lokacin da muryar ta soma dishewa. Ya ce mura ce, ya sha zuma da citta har ya gaji. Da aka je asibiti likita ya ce ƙari ne a maƙogwaro, sai an yi aiki. Rai zai tsira in Allah ya so, amma muryar ta tafi ke nan.

Auta ne ya kawo dabara, ƙanin matar Lasifika, mai gyaran kwamfuta a wani lungu na kasuwa, magidanci da 'ya'yansa, wanda ba sa haɗuwa da Lasifika ba su tsokani juna ba. Ya saɓo wata tsohuwar kwamfuta a kafaɗa ya dire a falo.

"Mijin Yaya, kafin su raba ka da makamin nan naka, zo mu ɗebi na ajiya."

Haka suka yi ta ɗauka kafin ranar aiki, a safiyoyin da muryar ke ɗan washewa. Sallama, amsa gaisuwa, sunayen yara, "Amin", "Ina shayina?", "Wa ya bar ƙofa a buɗe?" da tarkacen faɗa iri-iri. Auta ya ɗora kowace magana a kan maɓalli guda, da an danna sai ta fito.

Bayan aiki aka mayar da Lasifika teburin yanka tikiti. A tasha ya zama mutumin nuni da hannu da gyaɗa kai, wanda sababbin direbobi ke ɗauka mai sanyin hali ne. Kai, sanyin hali! Su zo gida su gani. Da ya zauna gaban kwamfutar nan sai maigida ya dawo, faɗa ya dawo, har ya ƙware ya iya haɗa maɓalli biyu ya yi gatse. Auta ya sha ce masa a kwafi muryar a ajiye wani wuri, shi kuwa ya kaɗa hannu, wai na'urar da ke aiki me za a taɓa ta.

Ran nan da safe wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi. Ya kunna kwamfuta, allo ya yi baƙi, wani farin rubutu ya fito, ta mutu, ta sake tashi, ta sake mutuwa. Ya danna sallama. Shiru. Ya danna da ƙarfi, ya bubbuga gefenta yadda yake bubbuga bas. Shiru dai.

Tsoro ya kama shi, tsoron da bai ji irinsa ba ko ranar da aka tura shi ɗakin tiyata. Ranar ya san ya bar ajiya a gida. Yau ajiyar ce ke neman tafiya, kuma babu maƙogwaron da zai sake ɗauko wata.

Matar ta kira Auta, ya zo da jakarsa yana dariya tun daga ƙofa.

"Unguwa ta huta ashe! Shi ya sa na ji tsuntsaye na kuka."

Ya duba ya duba, ya ce manhajar da ke tada na'urar ce ta lalace, amma mai yiwuwa kayan suna nan ciki, kamar ɗakin da makullinsa ya karye. A shago, in ji shi, irin wannan goge komai suke yi su zuba sabo, minti kaɗan an gama.

"Goge me?" in ji yayarsa. "Auta, zan ci mutuncinka."

"Haba Yaya, labari nake ba ki. Amma tsohuwar nan ba ta tashi da filash, sai da faifai. Nawa na shago duk sun bi shara tuntuni. Ina wanda na haɗo muku da ita?"

Lasifika ya zazzage durowa. Tsofaffin batura, katin asibiti, makullan da ba a san ƙofarsu ba. Ga farar ambulan ɗin faifan nan, amma fayau, babu komai ciki. Ya ɗago ya dubi matarsa, ya ga tana satar kallon taga.

A baranda tana da 'yan gwangwanaye da ta shuka barkono da na'ana'a, tattabarun maƙwabta sun hana su sakat. A saman gwangwanayen, ɗaure da zaren ɗinki, wani faifai ne ke juyawa cikin iska yana walƙiya.

"Ni na ɗauka na waƙa ne," ta ce da ƙaramar murya. "Na sa a rediyo bai yi ba, na ce ya lalace."

Ran Lasifika ya ɓaci iya ɓaci. Ya miƙe, ƙirji ya cika, baki ya buɗe yadda ya saba buɗewa shekara da shekaru. Babu abin da ya fito sai wata 'yar iska daga ramin da ke wuyansa. Ya koma ya zauna.

Matar ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. "Wallahi, Malam, da ma ka yi min ihun."

Auta ya miƙe. Ya fita ya tsinko faifan. Rana ta cinye rubutun bayansa, tattabaru kuma sun yi masa ado da kashi, da alama ba su taɓa jin tsoronsa ba. Ya wanke shi da ruwan sabulu, ya ce a miƙo man goge baki, ya shafa a kan ƙarce-ƙarcen, yana gogawa da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ƙofar saka faifai ta jikin kwamfutar ma ta ƙi fitowa, sai da yayarsa ta zaro fil daga ɗankwalinta ya zura a wani ɗan rami, ta turo harshe da ƙyar.

Ya saka, ya kunna, ya shiga ƙwanƙwasa wani maɓalli na sama ba ƙaƙƙautawa don na'urar ta bi ta faifan maimakon hanyarta da ta toshe. Faifan ya yi gurnani, ya yi tari, ya tsaya. Baƙin allon ya dawo.

Auta ya fito da shi ya ɗaga wajen haske, ya ƙara mai, ya ƙara guga. Ya daina tsokana, kuma wannan ne ya fi tayar wa Lasifika da hankali. Auta ba ya shiru sai abu ya kai.

Karo na biyu gurnanin ya daidaita, ya zama zuuu. Allo ya yi shuɗi.

"Alhamdu lillahi, ta karanta," in ji Auta, ya share goshi. "Mijin Yaya, ka ga wannan babban na tsakiya? Hanyar zuba sabo ke nan, in muka bi ta har ƙarshe an yi sallama da kai. Wannan ɗan mitsitsin na lungu shi ne gyara. Kowa ya kawar da hannunsa."

Ya danna ƙaramin. Wani layi ya fara rarrafe a allo, ya tsaya, ya motsa, ya tsaya har matar ta fara karanto addu'o'i a fili. Lasifika ya dafe gwiwoyinsa yana roƙon Allah kada a ɗauke wuta. Can na'urar ta mutu da kanta. Auta ya zare faifan, ta sake tashi, ta yi ɗan kiɗanta na buɗewa wanda dā ba wanda ke kula da shi.

Komai na nan. Ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Lasifika ya ji jikinsa ya saki gaba ɗaya, kamar an sauke masa buhu daga ka. Ya kai hannu, Auta ya doke hannun.

"Tsaya tukuna, mai taurin kai." Ya soka filash ya kwafe muryar, ya zuba a wayar yayarsa, ya zuba a tasa. Sannan ya ja kujera baya. "To bismilla. Yi magana."

Lasifika ya miƙa yatsa. Godiya yake son yi wa Auta. Ya bi maɓallan da ido ɗaya bayan ɗaya, layin sama, na tsakiya, na ƙasa, ya sake dawowa. Ya san abin da ke kan kowanne. A cikin duk abin da ya ɗauka ya ajiye, ashe bai ɗauki "na gode" ba. Kunya ta rufe shi, yatsan ya tsaya a sama.

Matar ta gane. "Kada ka wahalar da kanka, Malam, babu shi. Lokacin da kake da maƙogwaron ma ba ka iya shi ba."

Auta ya fashe da dariya, amma idonsa ya kaɗa. Lasifika ya kamo hannunsa ya riƙe gam, da ɗaya hannun ya murɗa sauti har ƙarshe, ya danna wani maɓalli a gefe.

"A ƘARA WA BAƘO NAMA!"

Gilashin taga ya amsa. Tattabarun baranda suka watse, wata maƙwabciya ta ɗaga murya ta bayan katanga tana barka da arziki. Matar ta miƙe, hawaye na bin fuskarta ba ta ko share ba, ta nufi kicin.

"Na ji, Malam, na ji," ta ce. "Ai ni ba kurma ba ce."