Fakara Mai Kwanci a Gonar Dabino

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwar Mesaimeer, ni da ɗana, da karnuka biyu a bayan mota. Kwana tara ke nan da saukata Doha don ganin likitan ido. Ɗana direba ne, shi ne kuma mai kula da karnukan farautar kafil ɗinsa, wato ubangidansa. Ya ce gara in bi shi gona da in wuni ina kallon bango.

Titi sumul, ba rami ko ɗaya. Mun tsaya a wani shago, mai shayi ya miƙo karak, shayinsu na madara, ta tagar mota, riyal ɗaya. Kurɓa uku na ga gindin kofin, na ce a ƙaro biyu.

A hanya ɗana ya yi mini bayani cewa lokacin farauta ya wuce, tsuntsaye suna kwanci, hukuma ba ta wasa da wannan. Kafil kuma ya ja masa kunne: ranar da kare ya taɓa tsuntsu a watannin nan, khalas, shi ke nan, ya haɗa kayansa. Fitar da su kawai ake yi don su motsa jiki. Na gyaɗa kai, a raina ina cewa shekara arba'in na yi ina farauta, yaron da na haifa ne zai koya mini kare?

Gonar tana arewa da gari, dabino jere, ciyawa kore shar saboda ruwan bututu. Ɗana ya ba ni igiyar macen cikin karnukan ya tafi ɗebo musu ruwa. Ba mu yi nisa ba ta tsaya cak, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, hanci cikin ciyawa. Sai na hango fakara a laɓe, irin tamu ce, sai dai ta fi haske. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Hannuna ya saki igiya, bakina ya yi fito.

Kariyar ta zabura. Daga can baya ɗana ya daka mata kalma ɗaya ta Larabci, ta zube a ƙirjinta tana rawar jiki, taku biyu tsakaninta da wurin. Fakara ta tashi. A inda ta bari, ƙwai shida.

Ya ɗauki igiyar a hankali. "Baba, abincin jikokinka a wannan igiyar yake."

Ƙwan nan na san su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ruwan farko na sauka yake rataye bindiga, sai an yi girbi. Ni na ƙi bin sa. Mai kwanci ba ta son barin sheƙa, harbinta ba wuya, karena ya shanye ƙwan ina dariya. Yau fadamarmu tsit take da safe, kuma shekaru na yi ina ɗora laifin kan masu feshin magani.

A hanyar dawowa ɗana ya saya mana shinkafar majbus da kaza. Ta yi daɗi, amma loma kaɗan na yi. Na roƙe shi gafara, ya ce haba Baba, ya wuce.

Ido ya warke, na dawo gida ana shirin shuka. Mafarautan unguwarmu suka zo sannu da zuwa suna tambayar tsaraba. Na raba musu dabino, na ce na ga kariyar da ta fi ni jin magana, kuma ina roƙonsu su rataye bindiga sai bayan kaka.

Babbansu ya yi murmushi. "Baba, ai kai ka koya mana harbin damina."

Na ce, "Ni ne. Shi ya sa tawa za a fara ratayewa."