Igiyar Auta

Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara tara na ba shi. Yana ɗan shekara takwas wani zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku, da ya tashi sai ya tashi babu ido. Yanzu shekararsa ashirin da biyar. Yana aiki a ɗakin wanki na wani otal, yana ninke zannuwan gado da tawul tun safe har azahar, kuma abokan aikinsa sun ce in zani bai gama bushewa ba, shi ke fara ganewa da bayan hannu. Da la'asar kuwa gudu yake yi, mita dubu ɗaya da ɗari biyar. Ni ne ɗan jagoransa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, makaho ba ya tsere shi kaɗai. Akwai 'yar igiya da ba ta kai kamu ɗaya ba, da madauki a kowane gefe, ya zura yatsu a ɗaya, ɗan jagora ya zura a ɗayan. Doka ta hana ka ja shi, ta hana ka tura shi, ta hana ka riga shi taka layin ƙarshe. Naka shi ne ka yi gudu kafaɗa da kafaɗa da shi, bakinka kuma kada ya rufu: ga kwana, mun miƙe, akwai mutum a gaba, saura ɗari biyu. Igiyar a sake ake son ta. Ranar da ta miƙe, to ɗaya ya fi ɗaya gudu.

Da igiyar takalmina muka fara, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, don kawai na gaji da ganinsa a tsugune bakin ƙofa yana sauraron ƙafafun mutane. Ranar farko sau huɗu muka faɗi. Mama ta ga gwiwoyinsa ta ce in na kashe mata ɗa in nemi wata uwar.

Bana ce shekarar da muka daɗe muna jira. Hukumar wasanni za ta zaɓi waɗanda za su shiga sansanin horo, daga nan su wuce manyan gasannin shekara. Sharaɗin ɗaya ne: ranar gwaji ka gama cikin minti huɗu da daƙiƙa ashirin. Mu kuwa wata biyu muna maƙale a huɗu da ashirin da shida. Mun canja takalmi, mun canja lokacin barci, daƙiƙa shidan nan suka ƙi motsi. Ga kuma takardar rajista a jakar Koci, mai horar da mu, da gurbin sunan ɗan jagora, wanda dole a cike kafin Juma'a, in an miƙa kuma babu sauyi.

Ranar Litinin ina shagona, kaina cikin bayan wani firiji, sai ga Koci. Tsohon ɗan tsere ne, ba ya zuwa wurin mutum don gaisuwa kawai. Ya ture wata matacciyar fanka ya zauna a benci.

"Yayan Auta, tambaya ɗaya zan yi maka. Yaushe rabon da ka yi masa magana a zagayen ƙarshe?"

Na ce kullum ina yi.

"Ba ka yi. Ina tsaye a wurin da agogo. Daga ƙararrawar zagayen ƙarshe zuwa layi numfashi kawai kake ja. In kun gama kai ka dafa gwiwa, shi kuma ya tsaya yana tsokanar mai sharar fili. Wanda ya ƙure gudunsa ba ya da bakin barkwanci. Yaron nan jiranka yake yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa tun kafin ya san akwai wani Auta a duniya nake riƙe da igiyar nan. Ya ce ya sani, shi ya sa ya zo wurina bai je wurin Auta ba. Ya ce akwai Dogo, wani ma'aikacin kashe gobara da ke atisaye a filinmu, ya yarda ya gwada yi wa Auta jagora. Na ci gaba da kwance kusoshin da ba su buƙatar kwancewa har ya tashi ya tafi.

Da yamma na tarar da Auta a ɗakin Mama yana shafa mai a ƙafafunsa. Ban ko zauna ba ya ce, "Koci ya je shago ko? Na ji yadda ka rufe ƙofa."

"Da gaske jirana kake yi?"

"Wane irin jira kuma, Yaya? Ni dai ƙafata ce ta yi nauyi."

"Kar ka mai da ni yaro."

"To ni ba na son Dogon nan. Takunsa kamar ana sauke buhuna daga mota. In ba da kai ba, a bar gasar, ai ba a kanta aka haife ni ba."

Mama tana gefe tana ɗinke maɓallin rigarsa ta aiki. Ba ta ɗago ba ta ce, "Ku biyun nan duk ƙarya kuke yi, kuma a ɗakina."

Tsoro ne ya kama ni, ba zan ɓoye ba. In ba ni ne idon Auta ba, to ni mai gyaran firiji ne kawai mai shekara talatin da huɗu da gwiwa mai ƙara. Amma na san sau nawa na ji shi yana maimaita sunayen garuruwan da za a yi gasar, a hankali, yana zaton ba kowa a tsakar gida.

Ranar Laraba a filin atisaye, kafin mu fara gudu, na damƙe hannun Auta na ce, "Yau ka rantse ba za ka rage ba. Ko me ka ji a igiya, ka yi gudunka." Sai da Koci ya ɗaga usur sannan ya ce ya rantse.

Zagayen farko lafiya lau. Na biyu ma ina magana, ga kwana, mun miƙe. A na uku na ji ƙirjina ya fara zafi, kalmomin suna fita guntu-guntu. Da Koci ya kaɗa ƙararrawa sai Auta ya buɗe ƙafa irin yadda ban taɓa jin ya yi ba, igiyar ta miƙe, madaukin ya shaƙe mini yatsu. Ƙanina ne ke jana. Na ciji haƙora na bi shi har kwanar ƙarshe, ina ta maza, amma ƙafafuna sun riga sun ba ni amsa. Na ji kafaɗarsa ta fara dawowa baya, zai karya rantsuwa. Muna fita kwanar na duba gaba, babu kowa a layinsa, sai na zare yatsuna.

"Miƙe! Miƙe, Auta! Ba kowa! Hagu kaɗan! Haka!"

Mita tamanin ya yi shi kaɗai, igiyar na lilo a hannunsa, ni ina baya ina ihu da ɗan numfashin da ya rage mini. In ya kauce taku biyu ƙarfen gefen fili ne zai kwashe masa ƙafa, kuma ni na jawo. Koci ya yar da allon rubutunsa ya tare shi da ƙirji bayan layi. Da a ce ranar gasa ce da an kore mu saboda sakin igiya, amma agogo ya nuna huɗu da ashirin da biyu, duk da jan da ya yi mini.

Auta ya juyo wajen da yake jin hakina. "Ka sake ni, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa sakina ba."

Na ce Koci ya miƙo takardar, na ɗora ta a bayan Auta na rubuta sunan Dogo da hannuna.

Kwana huɗu Auta bai yi mini magana ba. Mako ukun da suka rage kuwa ni na zama malamin Dogo, kuma na gasa masa aya a hannu. Na koya masa ya rage tsawon takunsa, ya faɗi kwana taku uku kafin a kai, kada ya ce "yi hankali" don ba ta gaya wa makaho komai. Sau biyu suka harɗe suka zube. Na biyun Auta ya tashi da jini a gwiwar hannu ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mini?" Na ce na gani, su koma layi.

Ranar gwaji ina bayan shinge tare da 'yan kallo, hannuna na dama sai buɗewa yake yana rufewa. Ban kalli agogo ba, igiyar nake kallo. Ta yi zagaye uku a sake. A na ƙarshe na jiyo muryar Dogo tun daga ɗaya gefen, garau, yana ƙirga masa mita, har ya ja baya rabin taku ya bar Auta ya taka layi. Huɗu da goma sha takwas.

Mutane suka rufe su. Na tsaya inda nake, don ban ga wurina a cikin taron ba. Can sai na ga Auta ya cire igiyar ya miƙa wa Dogo, ya ɗaga kai yana juyawa.

"Ina Yayana? Wa zai kai ni gida?"

Na kutsa cikin taron, ya kama gwiwar hannuna muka fito titi. Gwiwata na ciwo, tafiya nake kamar mai tsoron fasa ƙwai. Mun wuce shago biyu sai ya ɗan ja ni baya.

"Yaya, rage sauri mana. Ka cika sauri wallahi."

Na san ƙarya yake yi. Na rage.