Yadda Nasara Ya Ɓata Karyar Kakana

Kakana Manu bai bar mana gona mai faɗi ba, bai bar garke ba. Abin da ya bari gora ce guda, da baka marar tsirkiya, da labarin wata karya wanda har yau in na tuna shi sai raina ya ɓaci. Ni ban ga karyar ba. Kakata Baiwa ce ta ba ni labarin, kuma ba ta taɓa kai ƙarshensa ba sai ta yi tsaki ta tofar da yawu.

Manu mafarauci ne a Matamaye, ɗan mafarauci. Gajere ne, marar yawan magana, irin mutanen nan da sai ka gaishe su sau biyu kafin su amsa sau ɗaya. Da damina yana noman gero kamar kowa, da rani kuwa daji ne gonarsa: zomo, zabo, gada, wata rana barewa in Allah ya ciyar. Ya kawo, Baiwa ta ƙyafe ta kai kasuwa. Da haka suka riƙe gida, da haka suka yi goyon uwata Jamilatu.

Karyar sunanta Tsinke, don siranta. Tun tana kwikwiya ya ɗauko ta daga wajen wani tsohon mafarauci a Kurni, a cikin burgaminsa na fata ya zo da ita. Baiwa ta ce ko ɗan cikinsa bai sha horon da Tsinke ta sha ba. Sai ya bar ta da yunwa, ya ajiye hanta a gaban hancinta, ya koma gefe yana gyaran kibiya. Yawu na zuba, jikinta na rawa, amma ba ta taɓawa sai ya ɗauka da hannunsa ya ce, "Karɓi." Rani biyu yana wannan aiki kafin ya yarda ya fita da ita cikin mutane.

Ba mugunta ba ce, dokar mafarauta ce. Karen farauta kamawa yake ya riƙe, har maigidansa ya iso ya yanka, sannan a ba shi kayan ciki daga hannu. Karen da ya saba ci da kansa an ce bakinsa ya buɗe, kuma bakin da ya buɗe a kan zomo ba ya rufuwa a kan akuya. Shi ya sa doka ta biyu ta biyo ta farko: karen da ya ci dabbar gida, mai shi ne zai kashe shi da hannunsa. In ya bari wani ya kashe masa, ya zubar da girmansa, ba mai sāke kiransa farauta. Manu ya san wannan kamar yunwar cikinsa.

Ana nan sai Nasara suka ce za a yi hanyar mota daga Damagaram, aka kwashi samari aikin dole. Aka kawo wani Bature mai duba aikin, ya sauka a bayan gari. Mutane suka sa masa suna Mai Lofe, don bakinsa ba ya rabo da tukunyar taba. Ba a ce ya fi sauran mugunta ba, wasu ma cewa suke yana da fara'a. To, ni fara'ar tasa ce ta fi ba ni haushi.

Ran Lahadi ba ya aiki. Sai ya sa gajeren wando, ya ɗauki sanda, ya shiga dajin da ke yamma da fadama, ba bindiga, ba tarko, ba abin da ya ɓace masa. Tafiya kawai, don ya ga itatuwa. Ƙato da gemunsa yana tsayawa gaban kalgo yana kallo kamar bai taɓa ganin ganye ba! Da ya ɓata sau ɗaya aka sha wuya kafin a gano shi, sai aka ce a nemo wanda ya san dajin. Gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo ƙofar gida ya kira Manu. Tsinke ta bi maigidanta, don ba ta saba a bar ta ba.

Mai Lofe na ganinta ya durƙusa yana shafa ta, yana yi mata magana da yarensu. Wai ya bar irinta a garinsu. Daga ranar kowace Lahadi sai an zo an ɗauki Manu, kuma tafintan Baturen ya faɗa masa a fili cewa ba shi ake so ba, karyar ake so, shi rakiya ce. Su bi ta gindin goriba, su ratsa sabara, su huta a wata kuka, su dawo da la'asar. Baturen ya jefa ƙirare, Tsinke ta ruga ta ɗauko, ya yi ta dariya. Karyar da ke kayar da gada, an mai da ita 'yar aike.

Bayan 'yan makonni ya ce dajin ya yi masa kyau, ba ya son a riƙa korar masa barewa. Aka yi shela an hana farauta a wurin. Wato dajin da uban Manu ya ci, kakansa ya ci, ya zama wurin shan iskar mutum ɗaya. Manu ya haɗiye, ya koma yin nisa har wajen Dawce, yana dawowa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Wata Lahadi suna tafe zomo ya tashi a gabansu. Kafin a ce haka Tsinke ta cim masa, ta danne, ta ɗago ido tana jiran maigidanta kamar yadda aka koya mata. Manu ya zaro wuƙa. Sai Mai Lofe ya gitta masa sanda a ƙirji, ya yi magana. Tafinta ya ce, "Ya ce ita ta kama, nata ne. A bar ta ta ci."

Manu ya ce, "Don Allah ka gaya masa ba a yin haka. In ta ci da kanta ta lalace."

Tafinta ya dube shi sheƙeƙe. "Kai Baba, ni zan ce wa Nasara ba a yin haka? Kai ka gaji da duniya, ni ban gaji ba."

Tsinke ta ƙi ci. Karyar ta tsaya da zomo a ƙarƙashin ƙafarta, ta dubi wannan ta dubi wancan. Baturen ya karɓi wuƙar daga hannun Manu, ya farke cikin zomon, ya tura mata hancinta a ciki yana lallashinta, har ta lasa. Da ta lasa ta ci. Ya tafa mata. Aikin rani biyu ya tafi kafin lofensa ya mutu.

Haka aka ci gaba kowace Lahadi. Sauran kwanaki Manu ya yi ta ƙoƙarin gyara: ya ɗaure, ya hana abinci, ya ajiye hanta kamar dā. Lahadi ta zo a rushe. Ina amfanin yaɓen da ake wanke shi duk mako? Baturen har ya sa aka ɗinka mata abin wuya na jan fata da 'yar ƙararrawa, ya ce kada a cire. Duk zabon da ke tsakanin Matamaye da Yauri yana jin zuwanta tun daga nesa.

Ɗan akuyar Sa'a ta fara ci. Sa'a maƙwabciyarsu ce, mijinta ya mutu a aikin hanyar nan, awakinta 'yan kaɗan su ne duk abin da take da shi. Ta shigo da ragowar fatar a hannu, ta ajiye a tsakar gida gaban Baiwa, ta ce, "Yaya Baiwa, ba rigima na zo yi ba. Na zo ki gani ne." Manu ya ɗauki gorarsa a ranar zai kashe karyar. Gardi ya ji labari ya zo ya tsaya a ƙofa, ya ce wanda duk ya taɓa karyar Nasara, gidan kaso a Damagaram. Manu ya ce, "Tawa ce." Gardi ya ce, "Dā."

Sai ta zama ba mai taɓa ta. A ɗaure ta, ta cinye igiya. Ta sāke cin wani ɗan akuyar, ta ci kajin mutane, yara na jin ƙararrawa suna kora dabbobi cikin gida. Mafarauta suka daina aiko wa Manu goron farauta. Ba su zage shi ba, sun dai daina. A masallaci a gaisa da shi a taƙaice. Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba ya koma tafiya yana sunkuyar da kai, don wasan wani.

Da hanya ta wuce gaba, Mai Lofe ya naɗe kayansa. Baiwa ta ce ta yi ta addu'a ya tafi da karyar, tunda ya ce yana sonta. Ina! Ya zo ya shafa kanta, har da ƙwalla a idonsa, ya ce wa tafinta a gaya wa Manu ya kula masa da ita. Ya hau mota ya tafi. Da ƙwalla! Ni dai ban yafe wa ƙwallar nan ba. Ya ɓata abu don nishaɗinsa, ya tafi yana ganin kansa mutumin kirki, ƙila har ya mutu yana ba jikokinsa labarin wata karya mai hankali da ya sani a ƙasar baƙaƙe.

Ran Juma'a ya tafi. Ba wanda ya zo ya ce wa Manu kome. Sa'a ma da suka haɗu a rijiya da Baiwa cewa ta yi, "Ki ce wa Baban Jamilatu ni na bar wa Allah." Baiwa ta kawo saƙon da murna, tana cewa, "Maigida, ka ji, ta yafe. Mu kai ta wani ƙauye mu bayar."

Ya ce, "Ƙauyen ba su da awaki?"

Ran Lahadi da hantsi Tsinke ta je bakin ƙofa ta tsaya tana kaɗa wutsiya, don ta san ranar yawo ce. Manu ya kwance mata abin wuyan ya jefa a murhu. Ya rataya bakansa, suka fita. Suka bi ta gindin goriba, suka ratsa sabara, ita a gaba tana tsalle, har kukar da suke hutawa.

Abin da ya faru a can sau ɗaya tak ya faɗa wa Baiwa, bayan ya tsufa. Ya ce ya ɗana kibiya, sai ta zauna a gabansa tana kallonsa, irin kallon da take yi tana kwikwiya in tana jiran ya ce karɓi. Hannunsa ya ƙi. Can sai ta tashi ta tsinto ƙirare, ta kawo ta ajiye a ƙafarsa. Shi da ya tsani wasan nan, bai taɓa yinsa ba ko sau ɗaya. Ya sunkuya ya ɗauka, ya jefa da nisa, don ta ba shi baya.

Ya dawo da la'asar shi kaɗai, ya tsinke tsirkiyar bakan ya rataye shi. Mafarauta suka koma aiko masa goron farauta har ya mutu, bai sāke zuwa ba.