Ranar da na saki hannun Inna a kan Nilu

Ni mutuniyar gida ce. Shekara huɗu muka yi a Alƙahira, maigidana yana tuƙi a ofishin jakadanci, amma in ka cire kasuwar Ataba da asibiti, ba na jin na taka wuri biyar. Ruwa kuwa, in ya wuce na bokiti, ba ni ba shi. Ko gadar Zamalek za mu hau, sai na runtse ido har mu sauka.

Sai Inna, mahaifiyata, ta zo aka yi mata aikin gwiwa. Ita 'yar Yawuri ce, a bakin kogi ta tashi, ni kuwa a Kano aka haife ni. Da ta fara takawa da sanda, saura kwana kaɗan ta koma gida, ta ce ba za ta bar Masar ba sai ta shiga kogin da aka saka Annabi Musa a ciki. Na ce, "Inna, ga shi nan ana hangowa ta taga." Ta ce, "Hange ai ba shiga ba ne. Ke dai farar kura, gadon ubanki."

Ranar Asabar da la'asar maigida ya kai mu bakin ruwa. Lokacin baƙi sun ɗauke ƙafa saboda rigingimun gari, jirage duk a ɗaure, masu su suka yo mana caa. Akwai wani jirgi fari tas mai tagogin gilashi da na'urar sanyi, shi na so, don in ka shiga kamar falo ne. Amma sai an hau tsani, ƙafar Inna kuwa ba ta lanƙwasuwa. Akwai masu inji, sun sha fitilu, kiɗa kamar zai fasa kunne. Inna ta ce ba gidan biki ta zo ba. Can gefe ga faluka, jirgin katako mai filafili, iska ce kawai ke tura shi, bakinsa dab da ruwa.

"Wannan," in ji Inna.

Na ce, "Inna, ko inji ba shi da shi fa."

"Namu na gida da inji kika ji an haife su?"

Mai jirgin dattijo ne, rayyis ake ce masa. Shi da maigida suka ɗauki Inna suka zaunar da ita a gefen hagu, suka miƙar da ƙafar a kan matashi. Rayyis ya nuna mini ɗaya gefen. Na yi kamar ban gani ba, na zauna jikin Inna na riƙe hannunta da hannu biyu. Ni kuma, Allah Ya hore mini jiki, ba na ɓoyewa.

Da fari lafiya lau. Inna tana ta surutu, ni ina karanta duk addu'ar da na iya, ina sauraron katako yana ƙara a ƙarƙashina. Muna fitowa daga inuwar wani dogon gini sai na ji kukan igiyar ya canza. Kafin in buɗe baki iska ta cika filafilin. Jirgi ya kwanta ta gefenmu. Na ga ruwa, baƙi ƙirin, yana lasar bakin katakon, sannan ya fara zubowa ta bayan Inna.

Rayyis ya daka mini tsawa da Larabci yana nuna gefen da ya ɗaga sama, "Yalla, ya madam! Yalla!" Maigida yana can saman, ya rataya da igiya, yana kirana, "Taso nan! Nauyinki ne!"

Na ji su sarai. Amma yaya zan tashi in bar uwata a gefen da ke nitsewa, da ƙafar da ba ta lanƙwasuwa? Sai na ƙara ƙanƙame ta. Ruwa ya jiƙa mini zane har cinya.

Inna ba ta yi ihu ba. Ta kawo bakinta kunnena, da muryar da take hana ni taɓa tukunya ina ƙarama, ta ce, "Sake ni. In kina so in kai gida, sake ni ki haye."

Ban san yadda yatsuna suka buɗe ba. Da rarrafe na tafi, gwiwa da tafin hannu, ban waiwaya ba don na san in na waiwaya zan koma. Maigida ya fizgo ni. Na ji jirgin ya yi wani nishi, ya fara miƙewa a hankali. Rayyis ya sassauta igiya yana cewa, "Khalas, khalas, ma'alish," wato shi ke nan, ba komai.

Sai sannan na juya. Inna tana nan inda take, ta ɗaga ƙafar aikin da hannunta sama da ruwan da ya taru, mayafinta sharkaf.

Rayyis ya tambaya ko mu juya. Inna ta ce a ƙarasa zagayen. Haka aka ƙarasa, ina wancan gefen ina kallonta, tsakaninmu bai fi taku uku ba. Da muka sauka na durƙusa nan kan dakali, mutane na wucewa, na kwance bandejin gwiwarta na duba. Gefensa ya ɗan jiƙe, ɗinkin kuwa a bushe.