Buhun Geron Onarabul

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ke da shagon hatsi a wajen Ƙofar Taramniya, ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓarmu a jiha abokinsa ne tun na ƙuruciya. Gaban malami ɗaya suka yi karatun allo. Sai dai jam'iyyarsu ba ɗaya ba ce. Baba bai taɓa jefa masa ƙuri'a ba, bai kuma taɓa ɓoye masa hakan ba. Mazaɓar tamu kuwa irin wadda ba ta da uban gida ce: bana wannan jam'iyya ta ci da ƙyar, zaɓe na gaba waccan ta ƙwace da ƙyar. Ratar ba ta cika akwati guda, shi ya sa ko tari ɗan majalisa ya yi sai an yi masa fassara.

A zauren majalisa ba a ƙirga hannu sai ta kama dole. Kakaki zai ce masu goyon baya su amsa, waɗanda ba su yarda ba su ma su amsa, ya auna ɓangaren da ya fi ƙara, ya buga gudumarsa. Da Turanci suke yi, mu dai a gida e da a'a muke cewa. A cikin wannan hayaniya kowa na iya ɓuya. Mutum ya ce e a can, ya dawo unguwa ya rantse a'a ya ce, wa zai kama shi?

To ban da abokin Baba. Allah ya yi shi da wata murya mai kauri, a dushe, kuma tun yana yaro ba ya iya amsawa tare da jama'a. Baba ya ce ko a makaranta, in yara sun kai ƙarshen aya sun yi shiru, sai a ji shi yana tahowa shi kaɗai a baya, ya sha bulala a kan haka bai daina ba. Haka ya tafi da halinsa majalisa. Gidan rediyo kan sako zaman da yamma, in aka amsa aka gama, sai ka ji tasa ta faɗo ita kaɗai, kamar mangwaron da ya rage a bishiya. Duk mazaɓar nan babu wanda bai san matsayinsa a kan kowane ƙudiri ba. Mun san ya ƙi ƙarin harajin rumfunan kasuwa. Mun san ya goyi bayan a ƙara ɗaukar mata ungozoma a ƙananan asibitoci. Mun kuma ji shi ya ce a'a ranar da 'yan jam'iyyarsa da kansu suka kawo zancen hana 'yan kabu-kabu shiga wasu titunan cikin gari.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ya sallami direbansa ya tako shagon Baba. Akwai buhun gero guda da ake ajiyewa a bakin ƙofa, ba a sayar da shi sai an kawo wani a madadinsa. Nan yake zama da babbar rigarsa, a dama musu fura, a buɗe shari'a.

“Onarabul, na jiya ka ranar Talata,” in ji Baba. “Mi ya sa kac ce a'a ga zancen 'yan kabu-kabu?”

“Alhaji, in anka hana su, kai za ka ciyar da ɗiyansu?”

“To ni da ɗaya daga cikinsu yab buge ni bara fa?”

“Kai ma tsakiyar hanya kake tahiya, awa kai kag gina ta.”

Haka za su yi ta yi har la'asar. In zai tafi ya ce, “Bana dai ƙuri'arka tawa ta.” Baba ya ce, “Allah shi kiyaye.” Su yi dariya, Baba ya raka shi har bakin titi.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, sabon aure, ina haya a Unguwar Rogo. In damina ta yi ƙarfi, ruwa har ƙarƙashin gado yake shigo mana. Ni da matata mun ƙware a kwasar ruwa da bokiti, har rabon aiki muke da shi, ita ɗaki ni tsakar gida. Ran nan sai labari ya zo cewa an kai ƙudiri majalisa a gina babbar magudanar ruwa, kuma hanyar da masana suka zana ta bi ta kan layin shaguna kaɗan. Shagon Baba na ciki. Shagon da ya gada daga mahaifinsa, inda ya yi wayo, inda duk manoman da ke kawo masa gero da dawa daga ƙauye suka san za su same shi ko ido rufe.

Baba bai ɗaga hankalinsa ba. Ya ce wa maƙwabtansa su kwantar da rai, Onarabul na ciki. Ni kuwa na zama ɗan ba-ruwana na ƙarfi da yaji. In ina shago in girgiza kai in ce wannan ai zalunci ne, in na koma gida na ga alamar ruwa a jikin bango in ce Allah ya sa a gina. Jarumtata ke nan a wannan magana.

Ranar da aka sako zaman, ina shagon. 'Yan layin duk sun taru a kan rediyon Baba. Kakaki ya nemi masu goyon baya, aka amsa da ƙarfi, aka yi shiru. Sai ga muryar nan a dushe, ita kaɗai, ta ce e.

Baba ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya ɗauki mudu ya ci gaba da auna wa wata tsohuwa dawa. Na lura dawar na zuba a ƙasa.

Da Juma'a ta zagayo, Onarabul ya zo kamar kullum. Wasu yaransa na siyasa sun riga sun fara yawo suna cewa ba muryarsa ba ce, haɗa ta aka yi. Bai ko zauna ba ya ce, “Alhaji, ni na. Ni nac ce e.”

“Na sani. Kunnena lahiya lau.”

“Na shiga gidajen nan da damina, na ga inda mata ke ɗora jarirai bisa kabad. Ban iya cewa a'a. Kuma da na so, da na yi shiru, babu mai sani.”

“Da ka yi shiru, da na ji shirun naka,” in ji Baba. “Ba shagon ne yaƙ ƙona min rai ba. Juma'ar da ta wuce kana zaune bisa buhun ga, ka sha hurata, ka san abin da za ka yi, ba ka hwaɗa min ba. Sai a rediyo zan ji, tare da kowa da kowa?”

Onarabul ya sunkuyar da kai ya ce bakinsa ne ya yi nauyi. Baba ya tashi, da girmansa da ciwon bayansa, ya ja buhun geron nan da hannunsa ya shigar da shi cikin shago. Onarabul ya ɗan tsaya, ya yi sallama, ya tafi. Ranar babu wanda ya raka shi bakin titi.

Zaɓe ya matso. 'Yan jam'iyyar su Baba suka samu abin da suke nema. Suka ɗora lasifika a kan mota, suna zagaya kasuwa suna sako wannan e ɗin, su maimaita, su sake maimaitawa. Sun zo har gida suna roƙon Baba ya hau mumbari ya faɗi yadda amininsa ya yi masa. Ya ce su sha ruwa su tafi, tsakaninsa da abokinsa ba abin lasifika ba ne. Mutanen unguwannin da ruwa ke ci sun fito sun zaɓi Onarabul, 'yan kasuwa suka juya masa baya, ya faɗi da 'yar rata kamar yadda aka saba a wajenmu. Har Baba ya bar duniya bai gaya wa kowa inda ya dangwala yatsansa a wannan zaɓe ba. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce in je in ji da ɗalibaina.

Aka rushe layin, aka gina magudanar. An ba masu shagunan wuri a can nesa, Baba ya ce ƙafarsa ba za ta iya ba, ya fasa ɗakin zaure ya mayar da shi ɗan shago a ƙofar gida. Bokitinmu ni da matata ya koma na wanki. Ban taɓa iya faɗin wannan a gaban Baba ba.

Ya ci gaba da kunna shirin majalisa na ɗan lokaci. Za a amsa, a yi shiru, in ga ya karkata kunne yana jira. Wata rana ya ce, “Wanga namu na yanzu, yana ciki kuwa? Ni ban jin kowa.” Daga nan ya daina kunnawa.

Bayan damina ta farko, wata Juma'a da safe, sai ga buhun gero a bakin ƙofar sabon shagon. Mahaifiyata ta leƙo ta ce, “Alhaji, baƙo za mu yi?” Ya ce gero ne ke son shan iska. Ta ce ikon Allah, geron da ba ya son iska sai ranar Juma'a. Daga ranar, duk Juma'a sai an fito da buhun, a mayar da shi bayan la'asar. Mun ce ya bari a aika a kira Onarabul, ya ce wanda duk ya aika ba da yawunsa ba, ai mutumin ya san hanya. Mu kuma muka ɗauka lokaci na nan, tsofaffin za su shirya kansu.

Ciwon Baba bai yi tsawo ba. Ranar da muka kai shi makwancinsa, ina gaba kusa da kabari, idona ya rufe, ban san wa ya zo wa bai zo ba. Liman ya yi addu'a, jama'a suka ce amin, aka yi shiru. Sai daga can bayan taro na ji wata amin a dushe, ita kaɗai. Tun safe nake daurewa, a nan ne kuka ya ƙwace mini.

Da aka watse na sami Onarabul a gindin wata dogonyaro. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Kullum Juma'a sai Baba ya fito maka da buhunka.”

Ya ce, “Na sani, ɗana. Na sha zuwa bakin layinku in hango shi, in ce bari sai Juma'a mai zuwa.” Ya share fuska da hannun riga. “Ka san ni. Kullum a baya nike zuwa.”

Shi ma ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Yau in zaɓe ya zo, wayata cika take da hotunan 'yan takara, kowa na faɗin abin da ya tsaya a kai, ni kuwa ba ni da hanyar sanin me ya ce da aka rufe ƙofar majalisa. Ba na cewa Onarabul ya yi daidai a komai, Baba ma zai tashi ya ƙaryata ni. Amma muna jin sa, ko ya daɗaɗa mana ko ya ɓata mana, kuma ya san muna ji. Ina kewar wannan ƙwarai. Ina kewar tsofaffin nan biyu da gardamarsu da ƙwaryar furarsu, kewar da ban san tana da nauyi haka ba sai da na fara furfura.

Har yau in liman ya kai ƙarshen Fatiha, sahu ya ce amin, sai in sami kaina na ɗan karkata kunne ina jira.