Hannunta Ya Kai Kunne

Ni ban yi boko ba. A ƙauyenmu, shekarar da aka zo ɗaukar yara, an ce kowa ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa. Nawa bai kai ba. Aka ce sai baɗi. Kafin baɗi mahaifiyata ta kwanta ciwo, na koma bakin murhu. Har yau a bakinsa nake.

Miji ne ya kawo ni Kuala Lumpur, yana karatu a jami'ar da ke Jalan Semarak. A nan na haifi 'yata. A nan muka binne shi tun tana ƙarama. Na zauna a Cheras ina tuƙa tuwo, ɗalibai 'yan gida suna zuwa tapau, in ƙulle musu a leda su tafi.

Daga tagar benenmu ana hango makarantar gwamnati. Da safe yara ke cika filin. Malayu sun fi yawa, sai Indiyawa, sai 'yan Sin jefi-jefi. Babu mai fata irin tamu. Na gani, amma na ɗauka ba wanda ya kai ɗansa ne.

Yarinyar ta tashi da 'ya'yan maƙwabta. Malayanci a bakinta ya fi Hausa. Kowace Juma'a nakan tsayar da ita in ce ta kamo kunne. Ranar da yatsunta suka kama shi sosai, na tafi kasuwa na sayo farar riga, shuɗin siket, farin hijabi da baƙin takalmi, irin na 'yar maƙwabciyata. Ban yi shawara da kowa ba. A gida haka ake yi: ka riƙe hannun ɗanka ka kai shi gaban shugaban makaranta.

Shugabar mace ce, dattijuwa, ta ba mu kujera. Yarinyar ba ta zauna ba. Ta miƙe tsaye gabanta, ta ɗora hannu bisa kai, ta kama kunne ta cikin hijabi. Matar ta yi mata tambaya.

"Umma, wai kunnena ciwo yake?"

"Ce mata a'a. Ce mata kin isa."

Suka yi ta magana. Ni ina kallon bakinsu.

"Umma, ta ce tak boleh. Ba zai yiwu ba."

"Don me?"

"Wai ta 'yan ƙasa ce."

"Ce mata a garin nan na haife ki."

Ta faɗa. Matar ta girgiza kai a hankali, ta ba ta alawa. Sai da muka kai ƙofa na lura hannunta na bisa kai har yanzu. Ni na sauke mata shi.

Akwai wata 'yar Jos a benenmu, Kirista, tana shara a wata makarantar kuɗi. Da ta ji labari ta tafa hannu.

"Haba maman yarinya! Kin ɗauka a Kano kike? Har da kunne? Ai da kin tambaye ni."

"To makarantar taku fa?"

"Zo ki gani da idonki."

Na je. Muka tsaya gefen ƙofa lokacin tashi. Motoci sun yi layi. Yaran Koriya, na Larabawa, na Turawa, da 'ya'yan masu hali na ƙasar. Baƙaƙe biyu na gani, direba ya buɗe musu mota.

"Waɗancan fa?"

"'Ya'yan manya ne, 'yar'uwa. Ba irinmu ba."

Ta fara gaya mini abin da ake biya. Na ce ta bari.

Inda aka karɓe ta wani ɗaki ne a saman shagon tayoyi. Yaran Somaliya, na Rohingya, da namu. Babu fili, babu kayan makaranta. Malami ya zo wata guda, ya samu aiki ya tafi. In an ji jami'an shige da fice suna unguwar, a rufe. Ita kaɗai ke zuwa da farar riga da shuɗin siket. Ta ƙi cirewa. Da yamma ta hau taga tana kallon ƙawarta a fili.

Shekara ta zagayo, ko allon tashar bas ba ta iya karanta mini. Na ga murhu yana jiran ta.

Ƙanwar mahaifinta malama ce a Kano. Na kira ta. Ta ce in turo. Na haɗa ta da matar wani ɗalibi da ya gama zai koma. A filin jirgi ta riƙe mayafina.

"Umma, can ma za su ce tak boleh?"

"Can ƙasarki ce."

"Ban san ta ba."

Na ɓamɓare yatsunta.

Yanzu tana aji uku. Tana karatu, gwaggonta ta ce har wa ƙananan gida take karantawa. 'Yan ajinsu suna ce mata 'yar Maleshiya, suna kwaikwayon bakinta. In na kira, gaisuwa take yi mini irin ta baƙo, ta miƙa wa gwaggo waya.

Ta bar takalmin, ya yi mata kaɗan. Yana bayan ƙofa. Tagar kuwa na sa mata labule mai kauri.